Yarinyar da Aka Bari a Baya

A watan Afrilu na shekara ta 1999 wani marubuci ɗan Amurka mai suna Stephen King ya fitar da wani ɗan littafi wanda bai kai shafi 250 ba. Sunansa da Turanci The Girl Who Loved Tom Gordon, wato yarinyar da take ƙaunar Tom Gordon. An juya shi zuwa Faransanci da waɗansu harsuna. Tun daga wannan shekara har wa yau masu karatu ba su haɗa baki a kansa ba. Wani yakan ce ya karanta shi a zama ɗaya, bai iya ajiyewa ba sai da zakara ya yi cara. Wani kuwa yakan ce a cikin littattafan King duka babu wanda ya gundure shi kamar wannan. In ka saurari su biyun, sai ka ce ba abu ɗaya suka karanta ba.

Labarin kansa ba shi da rassa da yawa. Trisha yarinya ce 'yar shekara 9, iyayenta sun rabu. Uwar ta kwashe 'ya'yanta biyu daga kusa da birnin Boston, ta koma da su wani ƙaramin gari a jihar Maine. Wan Trisha, wato Pete, bai yarda da ƙaurar ba. Yana so ya koma wurin mahaifinsa, kullum kuwa shi da uwar suna cacar baki. Wata Asabar a watan Yuni na 1998 uwar ta fita da su yawo a kan hanyar ƙafa ta Appalachian, wadda ta ratsa duwatsu da kurmi a jihohi 14, tsawonta wajen kilomita 3,500. Uwa da ɗa suna gaba suna faɗa, Trisha tana biye da su. Fitsari ya matse ta. Ta faɗa, ba wanda ya ji. Sai ta ratse ta shiga cikin itatuwa. Da ta gama, maimakon ta koma ta inda ta shigo, sai ta ce bari ta yanke ta tare su a gaba. Ba ta ƙara ganin hanyar ba. Kwana 9 ta yi a kurmi ita kaɗai. Guzurinta dafaffen ƙwai ɗaya ne, da burodi mai kifi a ciki, da ɗan kayan zaƙi, da kwalbar ruwa, da kwalbar lemo, da rigar ruwa, da ƙaramar rediyo ta Walkman.

Waɗanda suka fara gunaguni su ne tsofaffin masu karanta King. Mutumin nan ya yi suna ne da labaran tsoro tun daga littafinsa na fari, Carrie, a 1974. Akwai wanda ya rubuta a 1986 mai shafi fiye da 1,000, cike da dodo mai cin yara. Saboda haka suka sayi wannan ma suna jiran dodo. Abin da suka tarar shi ne sauro, da rina, da yunwa, da gudawa bayan yarinyar ta sha ruwan rafi, da tafiya cikin fadama mai taɓo har gwiwa. Suka ce, ina tsoron yake? Shafi bayan shafi yarinya tana tafiya, tana faɗuwa, tana tashi, tana soshe-soshe. A gaskiya suna da hujja kaɗan, gama tsakiyar littafin yana jan ƙafa. Sai dai haka ɓata yake. Wanda ya ɓace ba ya gamuwa da abin mamaki kowace sa'a. Itace ɗaya yake gani sau dubu, tunani ɗaya yake ta juyawa a ransa, rana tana faɗuwa, gobe kuma haka. Da King ya sa dodo a kowane babi, da mai karatu ya ji daɗi, amma da bai san yadda kwana 9 suke da tsawo ba.

Gunaguni na biyu a kan wasa ne. Tom Gordon ba mutumin tatsuniya ba ne. Ɗan wasan ƙwallon sanda ne, wanda Amurkawa suke kira besbol, a lokacin yana wasa a ƙungiyar Red Sox ta Boston. Trisha da mahaifinta masu goyon bayan ƙungiyar ne, hular hana-sallar da take kanta ma Gordon ne ya sa mata hannu. Da dare ya yi a kurmi, sai ta kunna rediyo ta saurari wasan. King ya rarraba baborin littafin bisa ga zagayen wasan, daga na ɗaya har na tara. Masu karatu na Turai da sauran ƙasashen da ba a yin wannan wasa suka ce an cika su da bayanin jifa da bugu wanda ba su gane kansa ba. Waɗansu suka ce sukan tsallake waɗannan shafuffuka.

Wanda ya tsallake ya yi hasara, gama ba sai mutum ya san dokokin wasan ba kafin ya gane abin da rediyon nan yake yi wa yarinyar. Duk wanda ya taɓa kwana a gona ko a ruga da 'yar rediyo kusa da kunnensa ya san cewa ba labarin da ake faɗa ne kaɗai yake riƙe mutum ba. Muryar ɗan adam ce. Tana gaya masa cewa har yanzu akwai gari, akwai fitila, akwai mutane suna zaune suna taɗi. Trisha tana tattalin batir kamar yadda take tattalin abinci. A rediyon ne ma ta ji an ambaci sunanta cikin labarai, ta san ana nemanta. Abu ɗaya kaɗai ya kamata mai karatu ya sani game da wasan. Aikin Gordon shi ne jifan ƙarshe. Sa'ad da ƙungiyarsa take gaba da ɗan rinjaye, wasa ya kusa ƙarewa, kowa ya gaji, hankalin 'yan kallo ya tashi, a nan ne ake kiransa ya shigo ya riƙe nasarar kada ta kuɓuce. In ya riƙe, sai a rubuta cewa ya ceci wasan. Kalmar da Amurkawa suke amfani da ita a nan ita ce dai kalmar da suke amfani da ita a majami'a in suna zancen ceto. A 1998 Gordon ya yi haka sau 46. Yana kuma da wata al'ada: in ya gama, yakan ɗaga yatsa ɗaya ya nuna sama.

Akwai kuma masu cewa labarin ba zai yiwu ba. Yaya za a ce yarinya ta yi taku kaɗan daga hanya ta ɓace? Ba sai ta juya ta koma ba? Mai wannan magana yana auna kurmin Maine da dajin da ya saba, inda mutum yake hango kuka ko tsauni daga nesa ya daidaita tafiyarsa. A Maine kusan kashi 9 cikin 10 na ƙasar itatuwa ne, sun yi cunkus, rassansu sun rufe sama. In ka yi taku 30 ka waiwaya, gabas da yamma sun zama ɗaya. Abin ya faru a zahiri, ba sau ɗaya ba. A watan Yuli na 1939 wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Donn Fendler ya rabu da 'yan'uwansa cikin hazo a kan dutsen Katahdin, a wannan jiha. Shi ma kwana 9 ya yi. Ya bi rafi har ya fito wani sansani a bakin kogi, a rame, ƙwari sun cinye masa jiki. Daga baya aka rubuta labarinsa cikin littafi, yaran makaranta a Maine sun daɗe suna karanta shi. King ɗan wannan jiha ne, an haife shi a Portland a 1947.

Na biyun ya fi ban tausayi, ya kuma faru shekara 14 bayan fitowar littafin. A watan Yuli na 2013 wata mata 'yar shekara 66, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, tana tafiya a kan wannan hanya ta Appalachian a Maine. Ta ratse domin ta kama ruwa, daidai kamar Trisha, ta kasa komowa. Tana da wayar hannu. Ta rubuta wa mijinta saƙo, saƙon bai tafi ba, gama babu sabis a wurin. Ta kafa tantinta ta zauna tana jira, tana rubuta abin da yake faruwa cikin ɗan littafinta na kusan kwana 26. An neme ta da mutane da karnuka da jiragen sama, ba a same ta ba. Sai a watan Oktoba na 2015 aka tarar da gawarta, wajen kilomita 3 daga hanya. Wannan babba ce, mai hankali, mai kayan tafiya. Bayan wannan, zancen cewa labarin Trisha ba zai yiwu ba ya rasa ƙafar tsayawa.

Masu karatu da suka san aikin neman ɓatattu suna da tasu magana, ta kuwa fi nauyi. Sun ce babban kuskuren yarinyar shi ne tafiya. Da ta zauna wuri ɗaya tun sa'ar farko tana kira, da an same ta kafin dare. Wannan ita ce shawarar da ake ba yara a can, shawara ce mai kyau kuwa, ko da yake matar nan ta zauna ba a same ta ba. Trisha ta tuna an ce ruwa yakan kai mutum wurin mutane, sai ta bi rafi. Rafin Fendler ya kai shi sansani, nata ya kai ta fadama. Kowane taku yana nisanta ta da masu nemanta, har ta ƙetare iyaka ta shiga jihar New Hampshire ba ta sani ba. Wani maƙaryaci kuma ya buga wa 'yan sanda waya ya ce sace ta aka yi, hankalinsu ya koma wani waje. Mai karatu ya san duk wannan, ita ba ta sani ba. A nan tsoron littafin yake, ga wanda yake nemansa.

Amma waɗanda littafin ya fi taɓawa iyaye ne. Da yawa sun ce ba dabbar kurmi ce ta hana su barci ba, shafuffukan farko ne. Yarinya tana bayan uwarta, tana magana, uwar ba ta waiwaya ba. Ba muguwar uwa ba ce. Ita ce ta shirya guzurin, ita ce take fita da yaran kowace Asabar domin kada rabuwar auren ta karya su. Hankalinta ne duk ya tafi ga ɗan da yake yi mata tsiwa, ta manta da 'yar da ba ta damunta. Trisha kuwa ta daɗe da ɗaukar wa kanta aikin da ba na yaro ba: ita ce mai fara'ar dole, mai yin wasa domin a daina faɗa, mai cewa kome lafiya. A gida mai rikici yaron da yake kuka shi ake gani. Wanda ya yi shiru sai a ce ya gode Allah, ba shi da matsala. Tun kafin ta sa ƙafa a kurmi an riga an bar ta a baya.

Waɗansu masu karatu sun huce haushinsu a kan uwar. Suka ce wace irin mace ce wannan da za ta yi tafiya mai nisa haka ba ta duba 'yarta ba? Galibi masu faɗin haka ba su taɓa riƙe yara biyu su kaɗai ba. Waɗanda suka taɓa sukan yi shiru, gama kowannensu yana da ranar da ya juya a kasuwa ko a tasha bai ga ɗansa ba, zuciyarsa ta tsinke, kafin ya hango shi a bayan rumfa. Bambancinsa da uwar Trisha shi ne nasa ya ƙare cikin minti 2. Da na sani ƙeya ce, in ji masu magana, a nan kuwa maganar ta zauna daidai, domin abin da uwar ta rasa a bayan ƙeyarta yake. Uban ma bai fita ba. Mai ƙaunar 'yarsa ne, amma mashayi ne, yana nesa a ranar da abin ya faru.

Uban nan ne ya kawo zancen da masu bi suka fi yin gardama a kai. A daren farko Trisha ta yi ƙoƙari ta yi addu'a, kalmomin suka bushe a bakinta, gama ba a saba da addu'a a gidansu ba. Sai ta tuna ta taɓa tambayar mahaifinta ko ya gaskata da Allah. Amsar da ya ba ta ita ce, shi dai ya yarda akwai wani iko na alheri a duniya, amma ba mai ji ko gani ba. Ya kwatanta shi da ƙugin na'ura a cikin gida, wanda kunne ya saba da shi har ba a lura yana nan. Wannan iko, in ji shi, yakan sa yawancin yara su girma lafiya, yawancin jirage su sauka lafiya, amma ba wanda za ka kira ya amsa ba ne. A inuwar gida, ana shan abin sanyi, wannan magana tana da kamar hikima. A tsakiyar kurmi da dare ba ta amfani yarinyar da kome ba. Ba a roƙon ƙugi. Yaro yakan shiga wahala da abin da iyayensa suka sa masa a jaka, abincin Trisha ya ƙare cikin 'yan kwanaki, abin da aka ba ta game da Allah kuwa bai kai daren farko ba.

Saboda haka ta yi aro. Ba ta da fasto, ba ta da malamin makarantar Lahadi, ba ta haddace ko aya ɗaya ba. Abin da take da shi yatsan ɗan wasa ne yana nuna sama. Ta ce a ranta, Allahn da Tom Gordon yake nunawa, ko wane ne shi, da alama yana ji. Shi ta roƙa. Da zazzaɓi ya kama ta, huhunta ya kamu, sai ta fara ganin Gordon yana tafiya kusa da ita cikin farar rigar wasansa, yana koya mata yadda ake tsayawa cik sa'ad da tsoro ya zo. Ta kuma fara jin wani abu yana bin ta a ɓoye, yana barin gawar barewa da alamar farce a jikin itatuwa. Cikin ruɗewar zazzaɓi aka gaya mata cewa wannan shi ne allahn ɓatattu, yana jira ne tsoro ya nunar da ita kafin ya cinye ta.

Masu bi sun rabu kashi biyu a kan wannan. Waɗansu ba su yarda a taɓa littafin ba sam. Suka ce King marubucin aljanu ne, ga zagi a bakin yarinya ƙarama, ga wani gunki da aka ba sunan allah. Waɗansu kuma suka wuce gona da iri ta ɗaya gefen, suka mai da littafin wa'azi, suka ce misalin ɓatacciyar tunkiya ne na Luka sura 15 aka sa masa tufafin Amurka. Ba haka ba ne. A misalin Yesu makiyayi ne yake barin garke ya tafi nema har ya samu. A nan masu nema suna nema inda ba ta nan, wanda ya same ta kuwa mafarauci ne mai farautar sata a lokacin da doka ta hana, ba nemanta ya fito yi ba. King ya tashi a ikkilisiyar Metodis, ya kuma sha faɗa a fili cewa ya zaɓi ya gaskata akwai Allah, amma bai amince da addinin ƙungiya ba. Littafinsa bai koyar da bishara ba, bai kuma yi da'awar haka ba. Abin da ya nuna da gaskiya shi ne yadda ran yaro yake lalube sa'ad da ba a nuna masa ƙofa ba, da yadda ɗan abin da wani ya yi a gaban jama'a, yana tsammani ba kome ba ne, yakan zama igiyar da wani zai kama a inda mai yin bai taɓa zuwa ba. Gordon na gaskiya bai san wata Trisha ba. Yatsansa kaɗai ya ɗaga.

A rana ta ƙarshe yarinyar ta fito wata tsohuwar hanyar mota, tana tari, ƙafafunta da kyar suke ɗaukarta. Abin da yake bin ta ya fito fili. Beyar ce, irin dabbar nan da Dawuda ya ce ya yi kokawa da ita tun yana kiwon tumakin mahaifinsa. Trisha ba ta gudu ba. Ta gyara hularta, ta tsaya cik kamar yadda ta ga Gordon yana yi, ta riƙe rediyonta kamar ƙwallo, ta kafa wa dabbar ido. Tana shirin jifa ke nan mafaraucin ya harba, harsashi ya yage kunnen beyar, ita kuma ta sake rediyon ya same ta a fuska. Dabbar ta juya ta shige kurmi.

Har yau ana gardama a kan wannan wuri. Wani ya ce beyar ce kurum tun farko, sauran duk zazzaɓi ne da yunwa. Wani ya ce a'a, ai mafaraucin ma da ya fara hango ta, na ɗan lokaci bai ga kamar dabba ba ce. Wani kuma ya ji haushi, ya ce an ja masa rai shafi 200 domin a nuna masa naman daji. Akwai masu tambaya wa ya cece ta, tsayuwarta ko bindigar mutumin nan. In tsayuwarta ce, da bai zo ba ai ciwon huhu zai ƙarasa ta a bakin hanya. In bindigar ce, me ya kawo ɓarawon farauta wannan wuri a wannan sa'a, bayan kwana 9 ba ta ga ɗan adam ba? King bai amsa ba.

A asibiti ta farka, uwarta da wanta da mahaifinta suna kewaye da gadon, ba mai faɗa da wani. Ba ta iya magana. Ta yi wa uban alama ya miƙo mata hularta. Ta taɓa bakin hular, sa'an nan ta ɗaga yatsa ɗaya ta nuna sama. Masu son wasa sun ce ma'anarsa ita ce ta riƙe nasara har ƙarshe. Waɗansu sun ce ai ba rufin ɗaki take nunawa ba. A cikin waɗanda suke ɗakin, wanda ya gane alamar ya yi murmushi shi ne uban, mutumin da ya gaya mata cewa babu mai ji a can.